BABI NA HUƊU: MATSAYIN MAMACI DA FATALWA A CIKIN ƘAGAGGUN LABARAN HAUSA

4.0 Shimfiɗa

A babin da ya gabata an yi bayanin yadda Bahaushe ya ɗauki mutuwa da al'adun da ke biye da ita, tun daga wanka da sutura har zuwa zaman makoki da takaba. A wannan babi kuwa za a juya ga ƙagaggun labarai, domin a ga inda marubuta suke ajiye mamaci bayan an rufe shi an watse. Duk wanda ya karanta labaran Hausa na zube zai tarar da su cike da aljanu da matsafa da bokaye da dodanni, amma da wuya ya ci karo da mutumin da ya mutu ya dawo yana taka rawa a cikin labari. Wannan abin lura ne, domin kalmar fatalwa tana nan daram a bakin Hausawa, kuma babu unguwar da za a shiga a birnin Sakkwato a rasa mai labarin wani wanda aka ce ya gan ta.

An ɗauki littattafai uku a matsayin ginshiƙin nazarin, wato Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Jiki Magayi na John Tafida da Rupert East. Biyu na farko sun fito a 1934, sakamakon gasar da Hukumar Talifi ta Zariya ta shirya a 1933, na ukun kuma ya biyo baya a 1935. An zaɓe su ne saboda a kowanensu akwai mutuwar da ta isa ta tayar da fatalwa da a ce a adabin wasu al'ummu aka rubuta shi. Abin da babin yake son tabbatarwa shi ne, marubucin Hausa ya raba abubuwa biyu waɗanda labarin fatalwa yake haɗawa a jiki ɗaya, wato tsoro da bege. Tsoro ya miƙa wa aljani, bege kuma ya bar wa mafarki da waƙa.

4.1 Fatalwa a Bakin Jama'a da a Bakin Malamai

A tunanin gargajiya, fatalwa kurwar mamaci ce da ta kasa kwanciya. Masu ba da labarinta sukan siffanta ta da tsawo fiye da kima, sanye da farin likkafani, tana fitowa da tsakar dare kusa da maƙabarta ko a kangon da mai shi ya mutu. Akan danganta fitowarta da mutuwar da ba ta yi kyau ba, ko da wani haƙƙi da ya rage tsakanin mamacin da masu rai. Akwai kuma imani da ɗan wabi, wato yaron da aka ce yana mutuwa yana dawowa cikin uwa ɗaya, wanda saboda shi ake raɗa wa jariri suna irin su Ajuji ko Ayashe don a nuna ba a damu da shi ba, ko ya haƙura ya zauna. Ke nan ba za a ce Bahaushe bai san tunanin dawowar mamaci ba.

Sai dai wannan tunani ya daɗe da haɗuwa da abin da ya fi ƙarfinsa. Koyarwar Musulunci ta tabbatar da cewa tsakanin wanda ya mutu da duniya akwai shamaki, wato barzahu, har zuwa ranar tashi, kuma aya ta 99 da ta 100 a cikin Suratul Muminun sun nuna ana ƙin roƙon mai neman a mayar da shi. Saboda haka idan aka kai wa malami labarin fatalwa, ba lalle ne ya ƙaryata mai ganin ba. Abin da zai ce shi ne, abin da aka gani aljani ne ya ɗauki kamar mamacin don ya ruɗi mutane. Wannan fassara ita ce mabuɗin babin nan gaba ɗaya. Da zarar an ce fatalwa aljani ce, to ta tashi daga matsayin uwa ko uba ko miji da ake marmarin gani, ta koma maƙiyi wanda ake kora da ayatul kursiyyu. Ba mai yi wa aljani kukan rabuwa.

A Sakkwato wannan matsayi ya fi kafuwa fiye da ko'ina, domin nan ce cibiyar masu jihadi, kuma sun yi rubutu mai yawa a kan abin da ke bayan mutuwa. Waƙoƙin wa'azi na ƙarni na 19 sun bi mamaci daki-daki: fitar rai, da kwanciyar kabari, da tambayar Munkari da Nakiri, da tsayuwar alƙiyama, da awon ayyuka, da siraɗi, da wuta da aljanna. Wanda ya tashi yana jin irin waɗannan waƙoƙi a bakin almajirai da makafi ya san inda mamaci yake da abin da ya shagaltar da shi. Mutumin da ke amsa tambaya a kabari ba shi da sukunin zagaya gidan magada. Ta ɓangaren baƙin ciki kuma, Nana Asma'u (1793 zuwa 1864) ta bar marsiyyoyi da dama, daga ciki akwai wadda ta yi wa ɗan'uwanta Sarkin Musulmi Muhammadu Bello da ya rasu a 1837, da ta mijinta Waziri Giɗaɗo, da ta aminiyarta A'isha. A cikinsu akwai zafin rashi ƙwarai, amma mafitarsa ita ce ambaton kyawawan halayen mamaci da roƙa masa rahama da fatan saduwa a aljanna. Har yau kuma masu ziyara, musamman mata, suna cika Hubbaren Shehu inda aka rufe Shehu Usmanu a 1817. Mai rai ne ke tattaki zuwa wurin mamaci, ba a jiran mamaci ya zo.

Marubutan 1933 a cikin wannan tarbiyya suka tashi. Kusan dukkansu sun yi karatun allo da na littattafai kafin su shiga makarantar boko, kuma an shirya littattafan ne don a karanta a makarantu. Aljani yana da sura sukutum a cikin Alƙur'ani, saboda haka sanya shi a labari ba ya jawo wa marubuci tuhuma. Fatalwa kuwa ba ta da wannan kariya.

4.2 Ganɗoki: Matattun Burmi da Ƙasar Aljanu

Ganɗoki ya kasu gida biyu a fili. Kashi na farko tarihi ne, inda tauraron yake ba yara labarin yaƙe-yaƙen da aka yi da Turawa a ƙasashen Kwantagora da Bida, har zuwa ƙaurar da aka yi gabas bayan faɗuwar Sakkwato a watan Maris na 1903, wadda ta ƙare da kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya a Burmi a watan Yuli na wannan shekara. Kashi na biyu kuwa Ganɗoki da ɗansa Garba Gagare sun faɗa wata duniya ta aljanu da dodanni, suna yaƙi suna cin nasara suna musuluntar da waɗanda suka ci.

Masu nazari sukan ɗauki wannan tsallake a matsayin rauni a zubin littafin. A ganina akwai abin da ya fi haka. Daidai wurin da labarin ya cika da gawarwaki, wurin da mai karatu ke jiran a tsaya a yi makoki, nan ne marubucin ya buɗe ƙofar aljanu. Mutanen da suka faɗi a fagen fama ba su sake fitowa ba, ko a mafarki. Nasarar da bindigar Turawa ta hana Ganɗoki a ƙasarsa sai ya je ya same ta a kan abokan gaban da ba su da iyaye ko 'ya'yan da za su yi kukansu. Wato abin al'ajabi a nan magani ne na mantuwa. Bello Kagara ya ga zuwan Turawa yana yaro, ya kuma rubuta littafinsa yana ma'aikaci a ƙarƙashin mulkinsu, ga shi kuma Bature ne alƙalin gasar. Fatalwar wanda aka kashe a Burmi, da ta fito, ƙara za ta kawo, kuma a 1933 babu kotun da za ta saurare ta.

4.3 Shaihu Umar: Mafarki a Madadin Fatalwa

A nan ne ya kamata a daɗe, domin a cikin littattafan nan uku babu wanda rashi ya ratsa kamar Shaihu Umar. Tun daga farkonsa mutuwa da rabuwa ne ke tura labarin gaba. Mahaifin Umar ya rasu tun yaron bai san shi ba. Mijin uwarsa, Makau, an ƙulla masa sharri a fada an kore shi daga gari. An sace Umar yana ƙarami, ya bi hannuwa har ya faɗa hannun Balarabe Abdulkarim, wanda ya ɗauke shi ɗa ya kai shi Ber Kufa ya ba shi ilimi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa, aka yaudare ta, aka bautar da ita, aka ƙetara hamada da ita. Sa'ad da Allah ya haɗa su bayan shekaru masu yawa, wahala ta riga ta cinye ta, ba ta jima ba ta cika.

Abin da ya dace a lura da shi shi ne yadda marubucin ya haɗa uwa da ɗa. Umar ya girma, ya zama malami, ya sami wurin zama da daraja, ba abin da ya rage masa. Sai mafarki ya tayar masa da begen mahaifiyarsa, hankalinsa ya ƙi kwanciya har ya nemi izinin komawa gida. Idan aka duba da kyau, wannan mafarki ya yi duk aikin da fatalwa take yi a labaran wasu al'ummu: ya zo da dare, ya hana mai gida barci, ya tuna masa da haƙƙin da ya manta, ya kuma tilasta masa barin jin daɗinsa ya kama hanya. Bambancin kawai shi ne mai kiran tana da rai. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya sa kiran ya zo kafin mutuwa, a lokacin da amsa shi ke da amfani. Bayan ta rasu kuwa ba ta sake kira ba.

Wannan tsari ya dace da matsayin mafarki a wurin malamai, waɗanda suka yarda cewa mafarkin gaskiya yana daga cikin hanyoyin da ake sanar da bawa abin da ke ɓoye. A tarihin Sakkwato ma akwai misali babba, domin Shehu Usmanu da kansa ya rubuta cewa a wajen 1794 an nuna masa Manzon Allah (SAW) da Shaihu Abdulƙadir Jilani, aka ɗaura masa takobin gaskiya. Babu wanda ya taɓa kiran wannan gani da sunan fatalwa. Ashe ƙofa tsakanin masu rai da waɗanda suka riga mu ba a toshe take ɗungum ba, sai dai an ƙayyade ta ga barci da wahayin bayin Allah, an hana ta ga titi da kango.

Akwai kuma wata dabara ta zubi da ta ƙara wa littafin nauyi. Shaihu Umar da bakinsa yake ba da labarin, yana dattijo, a gaban almajiransa a Rauta, bayan sun tambaye shi asalinsa. Duk mutanen da yake ambata sun riga sun mutu. Saboda haka littafin gaba ɗaya zama ne irin na tuna mamata, kuma muryar mai labarin ba ta rawa ko a wurin da ya fi ciwo. Wasu za su ga wannan a matsayin sanyin salo, su ce marubucin ya wuce mutuwar uwar da sauri kamar mai gudun kada a ga hawayensa. Ni kam ina ganin a nan ƙarfin littafin yake. Wanda ya taɓa zaman makoki a ƙasar Hausa ya san yadda ake yi: mai gaisuwa ya ce "ya haƙuri", mai amsawa ya ce "da godiya", a yi addu'a a shafa, alhali kowa ya san abin da ke cikin ƙirjin ɗan'uwansa. Kunya da tawakkali sun hana a faɗa, amma rashin faɗar bai ɓoye komai ba. Irin wannan magana ce Umar yake yi. Matar da ta ƙetare Sahara a cikin bauta don ta ga ɗanta sau ɗaya ba ta bukatar ta dawo cikin likkafani kafin ta hana mai karatu barci.

Duk da haka akwai abin da aka rasa, kuma bai kamata a rufe ido a kansa ba. Waɗanda suka yaudari wannan mata suka sayar da ita, da waɗanda suka yi ta azabtar da ita, labarin bai ba ta bakin da za ta tuhume su ba. Idan aka kwatanta da Beloved na Toni Morrison, marubuciya baƙar fata ta Amurka, wanda ya fito a 1987, za a ga bambancin. Shi ma a kan bauta da uwa da ɗiya yake, amma a can yarinyar da ta mutu ta dawo gidan da kanta, ta zauna, ta ƙi tafiya sai an dubi abin da bauta ta aikata. Fatalwa a irin wannan labari mai shigar da ƙara ce a madadin waɗanda tarihi ya binne ba shari'a. Shaihu Umar ya ɗage wannan shari'a zuwa lahira. Ta fuskar aƙida wannan daidai ne, ta fuskar labari kuwa ya sa zaluncin cinikin bayi ya zo wa mai karatu a siffar ƙaddara fiye da siffar laifin wasu mutane masu suna.

4.4 Jiki Magayi: Uban da Bai Nemi Fansa Ba

Jiki Magayi shi ne ya fi kusa da abin da a yau ake kira labarin ban tsoro. Malam Shaihu, attajiri a garin Galma, ya yi amfani da dukiyarsa ya aure Zainabu wadda ke son Abubakar. Abubakar ya sha alwashin ramuwa, ya shiga daji ya sha wuya har ya samo asirin da zai lalata ɗan da za su haifa. Yaron, wanda ake kira Kyauta, ya tashi ɓarawo, ya zubar da mutuncin gidansu, daga ƙarshe ya kashe mahaifinsa a wurin sata ba tare da ya san ko wane ne ba.

A nan duk kayan haɗin labarin fatalwa sun cika: ga kisan kai, ga jinin uba a hannun ɗa, ga asiri, ga wanda ya ƙulla abin yana yawo a duniya. A wasan Hamlet na Shakespeare, a irin wannan hali fatalwar uban ce take fitowa ta bayyana wa ɗan abin da ya faru, ta ɗora masa nauyin ɗaukar fansa. A Jiki Magayi Malam Shaihu bai motsa daga kabarinsa ba. Gaskiya ta fito ne daga bakin masu rai, kuma da Kyauta ya tashi neman Abubakar don ya rama, ajali ya riga shi. Abin da ya rage masa shi ne ya gyara tsakaninsa da mutanen da ya cuta.

Wannan ya nuna cewa abin da ke bibiyar mutane a littafin ba mamaci ba ne, aikin da suka yi ne, kamar yadda sunan littafin ya nuna. Sammu ya karɓi aikin da fatalwa za ta yi, wato ya ɗauko laifin jiya ya dire shi a kan 'ya'yan yau. Amma sammu ba shi da fuska. Ba a iya yi masa magana, ba a iya neman gafararsa. Da a ce uban ya bayyana ga Kyauta, ko da a mafarki ne, da mai karatu ya ga abin da ya fi kowane asiri ban tsoro, wato ɗa yana duban uban da ya kashe. Marubutan sun kauce wa wannan haɗuwa, shi ya sa ƙarshen littafin ya zo a gaggauce, nadamar Kyauta kuma aka ba da labarinta maimakon a nuna ta. Ana iya lura a nan cewa John Tafida mutumin Wusasa ne, Rupert East kuma Bature ne wanda ya san Hamlet sarai, amma duk da haka ba su shigo da fatalwa ba. Sun san masu karatunsu.

4.5 Maƙwabta da 'Yan Baya

Idan aka leƙa adabin Yarabawa na wannan zamani za a ga akasin haka. A littafin D. O. Fagunwa, Ogboju Ode Ninu Igbo Irunmale, na 1938, mahaifiyar tauraron da ta rasu takan fito ta taimake shi idan ya shiga ƙunci. A The Palm-Wine Drinkard na Amos Tutuola, 1952, tauraron tafiya ya yi takanas zuwa garin matattu don ya dawo da mai yi masa kwasar bammi. The Famished Road na Ben Okri, wanda ya ci kyautar Booker a 1991, a kan abiku aka gina shi, wato takwaran ɗan wabi. Ɗan wabin Hausa bai sami irin wannan gata a rubuce ba, ya tsaya a bakin ungozoma da kakanni.

Marubutan Hausa na baya ma hanyar magabatansu suka bi. A So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, 1980, abin da ya shiga tsakanin Boɗaɗo da Yasir aljana ce. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, marubuta irin su Nazir Adam Salih da Abdul'aziz Sani Madakin Gini sun yi suna wajen labaran tsoro da na jarumta, inda matsafa da aljanu suke cin kasuwarsu. Wannan ya faru ne alhali masu karatun nan su ne masu kallon finafinan Indiya irin su Karan Arjun na 1995, wanda gaba ɗayansa a kan 'yan'uwa biyu ne da aka kashe aka sake haihuwarsu don su ɗaukar wa uwarsu fansa. An ari soyayya da waƙa daga Indiya hannu bibbiyu, amma sake haihuwa ta kasance abin kallo daga nesa.

Wani abin sha'awa shi ne, marubucin Arewa da ya fi kowa kusantar wannan jigo a zamanin nan da Ingilishi ya yi. Abubakar Adam Ibrahim, haifaffen Jos, a gajeren labarinsa The Whispering Trees, wanda ya kai zagayen ƙarshe na gasar Caine a 2013, ya kawo saurayi Salim da ya rasa mahaifiyarsa da idanunsa a haɗarin mota, daga baya ya soma ganin abin da masu ido ba sa gani, har da abokinsa na ƙuruciya da ya rasu. A When We Were Fireflies na 2023 kuwa, mai zane Yarima Lalo ne yake tuna cewa an taɓa kashe shi har sau biyu a rayuwar da ta gabata, ya kama neman waɗanda suka kashe shi. Sunayen na gida ne, garuruwan na gida ne, baƙin cikin ma na gida ne, amma harshen ya ba marubucin tazarar da Hausa ba za ta ba shi ba. Abin da aka rubuta da Hausa yana shiga ɗakin amarya da zauren malam, kuma a can za a yi masa hisabi.

Sai dai ba lalle ne marubucin Hausa ya zaɓi tsakanin aƙidarsa da wannan jigo ba, domin a cikin littattafan malamai kansu akwai abin da zai gina a kai. Ibnul Ƙayyim, a cikin Kitabur Ruh, ya tattauna saduwar rayukan masu rai da na matattu a cikin barci, ya kuma kawo ƙissar sahabi Sabitu ɗan Ƙaisu wanda ya yi shahada a yaƙin Yamama. Bayan rasuwarsa wani Musulmi ya gan shi a mafarki yana gaya masa cewa wani ya cire masa sulkensa, ya faɗi inda aka ɓoye shi a ƙarƙashin tukunya a ƙarshen sansani, ya kuma lissafa bashin da ke kansa. Aka gaya wa Khalidu ɗan Walidu, ya aika aka sami sulken a inda aka ce, Halifa Abubakar kuma ya zartar da wasiyyar. A cikin wannan ƙissa akwai mamaci mai magana, da ɓarawo, da abin da aka ɓoye, da mai mafarkin da ke tsoron kada a ƙaryata shi, da hukumar da za ta yanke ko za a karɓi shaidar wanda ke kabari. A ƙasar Hausa kuma har yau, kafin a sallaci gawa ko a wurin zaman makoki, akan tashi a yi shela cewa duk mai bin mamaci bashi ya zo ya faɗa wa magada, saboda imanin cewa ransa a rataye yake sai an biya. Magajin da ya ji wannan shela ya yi shiru alhali ya san akwai gonar marayu a cikin abin da za a raba, sa'an nan ya soma ganin mahaifinsa a barci dare bayan dare, ya isa tauraron littafi guda, kuma babu malamin da zai ce masa aljani ya gani.